Ɗana, Ruwa Bai San Ɗan Birni Ba

Ɗana, zo ka zauna mu yi maganar jirgin ruwa. Na san za ka ce me ya haɗa mutumin Kabara da jirgi, mu da muke tsakiyar birni, daf da gidan Sarki, babu kogi babu tafki. To, ai unguwar tamu daga bakin ruwa ta samo suna. Malam Umaru, wanda Shehu Nasiru Kabara ya fito daga tsatsonsa, asalinsa mutumin Kabara ne ta ƙasar Mali, ita ce kuwa tashar jiragen ruwan Tumbuktu a gefen kogin Neja. Ya iso Kano wajen ƙarshen ƙarni na 18, ya zo da ilimi, ya bar wa unguwa suna. Sanin ruwa kam bai biyo mu ba. Iyakar abin da ɗan cikin ganuwa ya sani game da ruwa shi ne kududdufi, shi ma ɗin kusan kowace damina sai ka ji jami'an kashe gobara sun tsamo wani yaro daga ciki.

Ga shi kuma yanzu ruwa ya zama wurin shaƙatawarku. Da Sallah ku cika mota sai Tiga, ko Minjibir, ko Challawa. Wanda ya je Abuja sai ya leƙa tafkin Jabi, wanda harka ta kai shi Legas sai abokai su ɗauke shi a jirgi mai gudu zuwa bakin teku, mai hali kuma ya hau babur ɗin ruwa a Dubai. Hotunan duk suna iso mana a waya: samari a tsaitsaye cikin jirgi, iska na kaɗa riguna, ana ihu, wani ya karɓe kan inji daga hannun mai jirgin don a ɗauke shi yana tuƙi. Da wuya ka hangi mai rigar kariya a cikinsu. Ni ban hana ka shan iska ba, ƙuruciya ce, kowa ya yi tasa. Abu ɗaya nake so ya zauna maka a zuci. Daga sa'ad da ka ɗora hannu a kan inji, ko ka ce wa ƙannenka su shigo, rayukan mutane sun zama amana a wuyanka, kuma za a tambaye ka a kansu, nan duniya da gobe ƙiyama.

Ka tuna Bagwai. Ranar Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallake ruwan madatsar Watari zuwa garin Bagwai. Mafi yawan waɗanda ke ciki yara ne 'yan Islamiyya, sun ci ado za su Maulidi a Tofa. Jirgin bai kai gaɓa ba. An tsamo gawa aƙalla 29. Hukumar kashe gobara ta jiha ta ce lodi ne ya yi yawa, jirgin da ya dace da manya 12 aka danƙara masa mutum fiye da 40. Gwamnati ta dakatar da fito a ruwan, manya suka yi ta zuwa ta'aziyya. Ba a ranar wannan ruwa ya fara ba kuwa, tun a 2008 ya ci wata tawagar 'yan biki. Tsakanin Bagwai da ƙofar gidanmu ba wata tafiya ba ce, wanda ya tashi bayan azahar zai yi la'asar a can.

In ka gangara kogin Neja abin ya fi haka muni. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. A farkon Oktoba na 2024 masu bikin Maulidi suka kife a Gbajibo, ƙasar Mokwa, shi ma cikin dare. Lura da kyau, in ba ranar biki ba ce to ranar Maulidi ce ko ranar kasuwa. Rana ce da kowa ke sauri, kowa na cikin nishaɗi, kuma kowa na jin nauyin ya ce wa ɗan'uwansa, sauka, jirgi ya cika. Irin wannan ranar ce ku ma kuke zuwa ruwa.

Za ka ce ai waɗannan jiragen fito ne na katako, tsofaffi, wanda za ka hau kuwa sabo ne fil, injinsa Yamaha. A watan Afrilu na 2024 wani fitaccen ɗan fim na Kudu, Junior Pope, ya rasu tare da abokan aikinsa a kogin Anam na jihar Anambra. Jirgi mai gudu suka hau, ya yi karo da kwale-kwale. Bidiyon da shi da kansa ya sa a intanet kafin rasuwarsa ya nuna shi a cikin jirgi, ana sheƙa gudu, babu rigar kariya a jikinsa. Ga kuɗi, ga suna, ga ƙarfin jiki, ba su tsamo shi ba. Ƙarfin inji ma ƙara haɗarin yake yi, domin kuskuren da mai filafili zai gyara cikin natsuwa, mai gudu ba ya samun ko daƙiƙa biyu na gyara shi.

Na san abin da ake cewa in an dawo daga maƙabarta. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu ran da zai haura wa'adinsa, kuma da wannan imanin ne iyayen yaran Badau suka iya haɗiye abin da ya same su. Amma wannan magana ce ta mai ta'aziyya, bayan mai aukuwa ta auku. Ba ta halatta ga wanda yake tsaye a bakin ruwa yana ƙara mutane a jirgin da ya riga ya cika. Kai da ka tashi a unguwar malamai ka san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da raƙumarsa, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ka san Alƙur'ani ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Littattafan fiƙihun da ake biyawa a zaurukanmu sun ɗora wa mahayin dabba da mai janta da mai korarta alhakin abin da ta taka. In haka hukuncin yake a kan jaki da doki, masu rai da son ransu, ina ga inji wanda ba ya motsi sai kai ka murɗa shi? Kisan kuskure akwai diyya, akwai kaffara ta azumin wata biyu a jere, malamai da yawa kuma sun tafi a kan kowane rai da tasa kaffarar. Kai ka yi lissafin jirgi guda.

Saboda haka mu fara da rigar kariya, don ita ce kuka fi rainawa. Na ji uzurorin duka. Akwai zafi, tana ɓata kwalliya, ba ta kyau a hoto, abokai za su ce matsoraci ne. Sai kuma babban uzurin, wai na iya ruwa. A ina ka iya? A kwamin wanka na otel, inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, kana sanye da gajeren wando, kai ka zaɓi lokacin da za ka shiga. Wanda jirgi ya watsar ba shi ya zaɓa ba. Yakan faɗa ne da ka, wani lokaci ya bugu da gefen jirgin, ya shaƙi ruwa tun kafin ya san abin da ke faruwa. Ga shadda da takalmi a jikinsa, in mace ce ga zani da hijabi, su jiƙe su nannaɗe ƙafa da hannu. Ga kuma mutum uku ko huɗu da ba su iya ruwa ba, kowa na neman abin da zai cafka, kai ne kuwa mafi kusa. Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa, amma wanda ya suma ba ya fidda kowa. Rigar ita ce ke riƙe ka a sama ko da hankalinka ya gushe na ɗan lokaci. A Amurka, inda ake tattara alƙaluman haɗarin jiragen shaƙatawa duk shekara, hukumar tsaron gaɓar tekunsu takan samu cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba sa sanye da ita.

Kuma sawa ake yi, a ɗaure igiyoyinta tamau, ba a rataya a kafaɗa ko a zauna a kanta ba. Ruwa ba ya jiran ka lalubo ta a ƙarƙashin kujera. In ka sa, ka ce wani ya kama kafaɗunta ya ɗaga sama. In ta haura har kunnuwanka ta yi maka yawa, a cikin ruwa za ta zame ta bar ka. Ka duba ko ta yage, ko soson cikinta ya mutu. Yaro kuwa sai rigar yara, mai igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Wanda ya sa wa ɗan shekara biyar rigar babba kansa ya yaudara. 'Yata, ke ma da ke nake. Ki sa rigar a kan hijabinki, ki tattare bakinsa ki cusa ciki, kada ya yi ta yawo kusa da inji. In da goyo a bayanki ki kwance shi kafin ki shiga, domin uwar da ta faɗa ruwa da goyo takan ɗago kanta ne, kan yaron yana ƙasa. In mai jirgi ya ce ba shi da riguna, ko ya kawo uku ku goma ne, ku juya. Kuɗin motar da kuka kashe ya tafi, ba komai. Mai yawan zuwa ruwa ma ya sayi tasa, ba ta kai kuɗin wayar da ke aljihunsa ba.

Sai lodi. Jiragen kamfani sukan zo da ɗan allo a manne kusa da mazaunin matuƙi, an rubuta adadin mutane da nauyin da za su ɗauka da iyakar ƙarfin injin da ya dace da su. Ka karanta, ka tsaya a kai, ka tuna kuma tukunyar abinci da jarkar mai da akwatin sanyi duk nauyi ne. Inda babu allo, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Dubi tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgin da fuskar ruwa. In ta kusa ƙarewa tun kuna gaɓa inda ruwa ke kwance, to igiyar ruwa ta farko da za ku haɗu da ita a tsakiya ciki za ta zubo. Ruwan da ya shiga jirgi kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgin ya karkata can yake gangarawa ya ƙara danne shi. Haka mutane suke yi in sun firgita, ko in wani ya ce ku matso a ɗauki hoto, sai kowa ya koma gefe ɗaya. Kafin ka tashi ka raba su, dama da hagu, ka gaya musu babu mai miƙewa, babu mai zama a kan hancin jirgi yana lilo da ƙafa. Ka faɗa da murya ta mai iko, ko da yayanka ne a ciki. A cikin jirgi matuƙi ne babba.

Akwai wata 'yar igiya, yawanci ja ce, da ke maƙale a jikin makunnin inji. Ɗaya bakin ana ɗaura shi ne a jikin matuƙi, a cinya ko a rigarsa. In ya faɗi ko ya fice daga mazauninsa sai igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. Da yawa daga masu jiragenmu sun naɗe ta a jikin hannun inji sun manta da ita. A watan Mayu na 2013, a Padstow ta ƙasar Ingila, wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu huɗu suka watse daga jirginsu a wata kwana. Ba a ɗaura igiyar ba. Jirgin ya ci gaba da kewayawa da gudu babu kowa a ciki, ya bi ta kansu. Uban da 'yarsa mai shekara 8 suka rasu, uwar ta rasa ƙafa. Amurka ta mai da ɗaura wannan igiya doka ga ƙananan jirage tun watan Afrilu na 2021. Abin da ke yin wannan ɓarna farfela ce, wuƙaƙe ne masu juyawa fiye da sau dubu a minti ɗaya a ƙarƙashin ruwa, inda ba a ganinsu. Duk lokacin da mutum yake cikin ruwa kusa da jirginka, ko mai wanka ne ko wanda ya faɗa za ka ɗauko, kashe inji gaba ɗaya kafin ya matso.

Kada iya mota ya ruɗe ka. Ka saba da titin Zariya, in ka ga abu ka taka birki. Jirgi ba shi da birki. In ka sassauta mai zai ci gaba da sulalawa, iska da igiyar ruwa suna tura shi inda suka ga dama, kuma da gindi yake juyawa, in ka karya dama bayansa hagu yake fita. Babur ɗin ruwa ya fi muni a nan, domin yawancinsu in ka saki mai juyawar ma ta tafi, sai ya nufi abin da kake gudu kai tsaye. Don haka gudunka ya zama daidai da nisan da idonka ke gani da kuma filin da kake da shi na tsayawa. Kusa da gaɓa, kusa da masu wanka, kusa da mashayar dabbobi, tafiyar hawainiya ake yi. Ruwa ma yana da ƙa'idar hannu, kuma ɗaya ce a duk duniya. In kun fuskanci juna da wani jirgi kowa ya karkata damansa. In hanyarku za ta gitta, wanda ya fito ta damanka shi za ka bai wa hanya. Mai son wuce wani shi ne zai nisanta. In a ranka babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba ka isa karɓar kan inji ba tukuna, ka zauna kusa da mai jirgi ka koya, ba abin kunya ba ne.

Sannan ka sani ruwan nan da kake wasa a kai gonar wasu ce. Masunta sun shimfiɗa kalli da mamari tun asuba, ga taru, ga mai jefa birgi a tsaye cikin ɗan kwale-kwalensa. In ka wuce da gudu, igiyar ruwan da jirginka ya tayar ta isa ta kifar da shi bayan ka yi nisa, ba ka ma waiwayo ba, alhakin kuwa naka ne. In farfela ta naɗe raga ka yi wa talaka asarar jarinsa, kai kuma injinka ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Mai inji shi ke kauce wa mai filafili da mai kamun kifi. Kafin ka shiga kowane ruwa ka nemi Sarkin Ruwa ko dattawan masuntan wurin, ka gaishe su, ka tambaye su ina ake bi, ina ba a bi. Mutumin da kake gani da yagaggiyar riga yana gyaran koma ya san wannan ruwa fiye da yadda ka san lungunan Kabara.

Tambayar tana da dalili. Madatsa ba tafkin Allah da Annabi ba ce, ƙasa ce aka tare wa ruwa ya hau kanta. Tiga, da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 170, a ƙarƙashinta akwai duwatsu da kututturan itatuwa da tuddai. Haka Challawa ta Ƙaraye da aka kammala a 1992. Ruwan kuma hawa yake yana sauka. Da kaka yana cike, da rani ana sakinsa don noman Kadawa da sauran gonakin da ke ƙasa. Inda ka bi lafiya lau a watan Oktoba, a watan Afrilu kututture na nan taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa yana jiran cikin jirginka. Bakin ƙofofin sakin ruwa da mazubar ambaliya kuwa ko kusa kada ka je, akwai ja a wurin wanda ido ba ya gani.

Ka riƙa ɗaga kai kana duban sama. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iska ke riga ruwan isowa, kuma a buɗaɗɗen ruwa irin Tiga ba ta da abin da zai tare ta. Cikin ɗan lokaci ruwan da ke kwance lumui zai tashi da tozaye. Ka ga gabas ta yi baƙi, ko ka ji tsawa ko daga nesa ne, nufi gaɓa mafi kusa, ba lallai sai inda ka ajiye mota ba. Da hunturu kuma hazo ne, sai gaɓa ta ɓace maka da rana tsaka ka rasa gabas da yamma, ga ruwan da sanyin da ke ɗaure gaɓoɓi.

Dare kuwa babu tattaunawa a kansa. Hukuma ta hana zirga-zirgar irin waɗannan jirage daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, kuma ka ji yadda aka yi a Patigi da Gbajibo. A cikin duhu ba ka ganin kututture, ba ka ganin raga, wanda ya faɗa ba a ganin kansa, masu ceto ma sai gari ya waye. Jirgin da aka yi don dare yana da fitilu, ja a hagu, kore a dama, fara a baya, fitilar waya ba ta maye gurbinsu. Ku yi la'asar ɗinku a gaɓa.

Tunda na ambaci hukuma, bari in gaya maka ko wace ce. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, an kafa ta a 1997, hedikwatarta na Lakwaja. A watan Janairu na 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon gwamnatin tarayya a kan hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, bayan doguwar shari'a da jihar Legas. Akwai kuma ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023, masu tanadin hukunci ga wanda ya saɓa. Abin da ake nema bai da wuyar fahimta: jirgi ya zama da rajista, an duba lafiyarsa, matuƙi yana da shaidar ya ƙware, kowane fasinja da rigar kariya, babu lodi fiye da ƙima, babu tafiyar dare. In za ka sayi jirgi ka fara da ofishinsu kafin ka kai shi ruwa. In madatsa za ka sa shi ka nemi izinin masu ita, Tiga da Challawa suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. In haya za ka yi, tambayi mai jirgi takardunsa, ba rashin kunya ba ne, ranka za ka ba shi. Na sani sarai a bakin yawancin ruwayenmu za ka yini ba ka ga jami'i ko ɗaya ba, kuma wannan gazawa ce da ya kamata a faɗa wa gwamnati ba tare da kwana-kwana ba. Amma rashin mai kama ka bai sauke maka komai ba. Ranar da aka rasa rai, dokar manyan laifuka tana hukunta wanda ya jawo mutuwa ta hanyar ganganci ko sakaci, a ranar kuma kowa zai tuna wane ne ke riƙe da inji.

Maganar maye ba zan tsawaita ba, ka san matsayin addininka. Sai dai in ƙara maka cewa ƙwaya da wiwi da maganin tari suna rage saurin hankali, rana da ƙugin inji da jijjigar ruwa kuma suna ninka abin. In idon mai jirgi ya yi ja, maganarsa na ja, kada ka hau. Fetur ma ka kiyaye shi. Tururinsa ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, sigari ɗaya ko garwashin shisha ya isa. A zuba mai inji a kashe, mutane suna waje. Ka kasa man kashi uku, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Kada jirgi ya tashi babu filafili, da doguwar igiya, da abin kwarfe ruwa, da abin kashe wuta. Ka sa wayarka a leda mai kulli, ka gaya wa wani a gaɓa inda za ku da lokacin da za ku dawo, domin in ba wanda ya san kun tafi, ba wanda zai san kun makara.

In kuma Allah ya ƙaddara jirgi ya kife, kada ka rabu da shi muddin yana bisa ruwa. Ku riƙe shi, ku ƙirga kanku. Gaɓa takan yi kusa a ido, a hannu kuwa da nisa, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. In wani ne ya faɗa, mutum ɗaya ya zuba masa ido yana nuna shi da hannu kada ya ɗauke. Mai nutsewa ba ya ihu yadda ake nunawa a fim, bakinsa na neman iska ne, shiru yake tafiya. Miƙa masa filafili ko gora, jefa masa igiya ko jarka mai murfi wadda ba komai a ciki. Kada ka yi tsalle ka bi shi in ba a koya maka ceto ba, sau da yawa gawa biyu ake tsamowa a maimakon ɗaya. In an fito da shi ba ya numfashi, a bar al'adar nan ta danna ciki ko ɗaga mutum a juye wai ruwa ya fita, ɓata lokaci ne, ƙwaƙwalwa kuwa mintoci kaɗan take jurewa babu iska. A kwantar da shi rigingine, a buɗe masa hanyar iska, a hura masa numfashi, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya kira 112. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo daga baya. Wannan aiki da hannu ake koyonsa. Ƙungiyar agaji ta Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyinmu na addini suna koyarwa, ka je ka koya, ka ja abokanka.

Kafin in sallame ka, ga saƙo ka kai wa malaman Islamiyyarku da shugabannin ƙungiyarku ta samari. Duk wanda zai kwashi 'ya'yan mutane zuwa Maulidi ko ziyara ko yawon buɗe ido, in hanyar ta bi ta ruwa, ya je da kansa tun kafin ranar ya ga jirgin, ya ƙirga riguna, ya rubuta sunayen yaran, ya yarda a yi sawu uku a maimakon ɗaya, a kuma gama tsallakewa da sauran rana. In hakan ba za ta samu ba a zagaya ta mota, ko a fasa. Ku kuma iyaye, in yaro ya zo neman izinin zuwa Tiga da Sallah, kada ku tsaya a kan nawa ne kuɗin mota. Ku tambaye shi wa zai tuƙa jirgin, su nawa ne, akwai rigar kariya ko babu. In ya kasa amsawa, ku hana shi. Allah ya jiƙan yaran Badau da sauran waɗanda ruwa ya ci, ya tsare mana ku.